Ɗan Aike, Yaron Kafe da Mai POS: Tarihin Sirrinmu a Samaru da Sabon Gari

Masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ko da yake soyayyar ba za ta rasa leƙo kai ba, tunda ita ce ta fi kowa bukatar sirri.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Samaru, ko ya shiga motar haya daga Kwangila zuwa PZ aka ɗauko zancen waya da intanet, ya san irin maganganun da ake yi. Wani zai ce shi talaka ne, ba shi da abin ɓoyewa, wanda ya ga dama ya saurara. Wani ya rantse maka cewa duk kalmar da ka furta a waya akwai jami'in da ke zaune a Abuja yana naɗewa. Wani kuma, galibi ɗan jami'a, ya yi masu dariya ya ce ai WhatsApp a kulle yake, ko mai kamfanin ba ya iya karantawa. Na daɗe ina jin wannan musu, kuma abin da na lura da shi shi ne kowa ya ɗaga kai yana duban nesa, wato gwamnati da Turawa da tauraron ɗan'adam, alhali a tarihin garin nan wanda ya fi sanin sirrin mutum kullum yana kusa da shi, a kan benci ɗaya ma suke zaune. Tun da can saƙonmu bai taɓa tafiya shi kaɗai ba, sai da mutum na uku a tsakiya.

Kafin zuwan Turawa, wasiƙar Sarkin Zazzau magatakarda ne ke rubuta ta da Larabci, a buga mata hatimi, a damƙa wa manzo. Hatimin yana tabbatar da cewa daga sarki ta fito, amma ba ya hana kowa karantawa, amanar manzo ce kaɗai ke yin wannan. Talaka kuwa saƙon baka yake bai wa fatake. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a wajajen 1911, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga Kudu, sai ga gidan waya da wayar tangaraho. Kalmar "waya" ɗin ma daga sunan wannan zaren ƙarfe da ke bisa turaku muka aro ta, shi ya sa har gobe ofishin aika wasiƙa sunansa gidan waya, abin da ke aljihunka kuma, wanda ba shi da zare ko ɗaya, shi ma sunansa waya. To ita tangaraho ba ta san sirri ba sam, domin da yawan kalmomi ake biyan kuɗi, dole akawu ya karanta ya ƙirga. In ba ka jin Turanci sai an fassara maka, a can ɗaya ɓangaren ma wani akawun ya rubuta, wani ya sake fassarawa.

Wasiƙa ma haka take. A bakin gidan wayar Sabon Gari akwai masu ɗan tebur da alƙalami, sana'arsu ke nan rubuta wa mutane wasiƙa. Dattijo zai tsuguna ya zayyana masu bashin da ake binsa, da rashin lafiyar iyali, da dalilin da ya sa bai je gida da salla ba. Wasiƙar ta tafi ta akwatin wani malamin makaranta ko ma'aikacin En'e, don ba kowa ke da akwati ba, ta kwana biyu a aljihunsa, sannan a ƙauye a nemo ɗan firamare ya karanta ta da ƙarfi a zaure. Ka ga kafin ta isa kunnen mai ita mutum uku sun san abin da ke ciki. Sojojinmu da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu su kam har da na huɗu, don sai hafsa ya duba wasiƙar soja kafin ta fita, kada ya faɗi inda rundunarsu take. Barikin Chindit da ke nan Zariya daga wannan yaƙi ya samo sunansa. Saboda haka idan ana lissafa amfanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda a nan Zariya Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA suka riƙa buga littattafansa, ni abin da nake sa wa a gaba shi ne magidanci ya iya karanta wasiƙarsa da kansa, ya ninke ta ya sa a aljihu ba wanda ya ji.

Masu karatun littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 ba sai an yi masu dogon bayani ba. Sau nawa labari ya juya saboda ƙanen budurwa, wanda aka saya wa alewa don ya kai takarda, ya yi karo da yayansu a soro? Marubutan nan ba ƙirƙira suka yi ba, rayuwar da suka gani suka rubuta.

Kada a ɗauka Bahaushe bai nemi dabara ba. Akwai zaurance, wanda 'yan mata suka fi ƙwarewa a kai: a ce "zo mu tafi" sai ka ji "zodo mudu tada fidi", ko a juya gaɓoɓi "gida" ya koma "dagi". Akwai ramzi, inda malamai ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma guda, domin kowane harafin Larabci yana da adadinsa a hisabi. Dukkansu ka'ida ɗaya ce, a sauya wa magana kama ta yadda sai wanda ya san dokar zai warware. Rauninsu ma ɗaya ne, ranar da uwa ta gane dokar zaurancen shi ke nan asiri ya tonu. Tun a ƙarni na tara wani masani a Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta yadda ake fasa ɓoyayyen rubutu ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985, ba zan daɗe a kansa ba. Lambar Zariya 069 ce, kuma layukan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba kafin 2001. Wanda ba shi da wayar girke a gida sai ya je shagon buga waya, ko gidan maƙwabci mai hali, ya yi maganarsa a tsakiyar falo mutanen gida na jinsa. Da wayar salula ta zo a watan Agusta na 2001, layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, sai da Glo ta shigo a 2003 ta fara caji da daƙiƙa. Sai 'yan lema suka cika bakin titin Sakkwato, tun daga ƙofar jami'a har kasuwar Samaru. Mai lema yana riƙe da agogo, yana jin duk abin da kake faɗa, lambar da ka kira kuma tana nan a wayarsa bayan ka tafi. An yi samarin da suka rasa budurwa ta wannan hanya, ba tatsuniya ba ce.

Inda nake son in ɗan zauna shi ne zamanin kafe, wato shagunan shiga intanet, don a nan ne yawancinmu muka koyi ɗabi'un da muke tafe da su har yau. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da cibiyar kwamfuta tun da daɗewa, wadda ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Amma talakan ɗalibi da ɗan gari ba a can suka fara taɓa intanet ba, a kafe ne, a farkon shekarun 2000. Ɗaki ne guda, kwamfutoci goma ko ashirin a jere, faranti a kan rufi yana kallon sama, janareta na kuka a baya saboda halin NEPA. Ka sayi tikitin awa ɗaya, rabinta ta ƙare kana jiran shafi ya buɗe. Mai son araha sai ya yi kwanan kafe, a kulle ƙofa da dare sai asuba.

A kowane kafe akwai yaro mai kula da kwamfutoci, kuma shi ne magajin mai tebur na bakin gidan waya. Shi zai buɗe maka akwatin imel na Yahoo, shi zai zaɓa maka kalmar sirri, yawanci sunanka da shekarar haihuwarka, wani lokaci ma ya rubuta ta a littafinsa don ya san za ka manta. Na sha ganin manyan mutane, har da masu digiri biyu, sun leƙo daga ƙofa suna cewa, "Duba mini ko an turo saƙon nan," yaro ya buɗe ba tare da ya tambayi komai ba, don ya haddace. Da Amurka ta mayar da cike takardar cacar biza ta intanet a ƙarshen 2003, sai aka riƙa layi ana miƙa wa yaran nan hoto da ranar haihuwa da sunan mata da na 'ya'ya. An ci gaba da haka har 2013 da aka cire Nijeriya daga cikin ƙasashen da ke shiga. Bayan nan ga duba sakamakon jarrabawa da katin kankarewa, ga rajistar JAMB, ga neman aikin soja da na kwastan. Babban fayil ɗin kwamfutar kafe ɗaya ya fi ofishin mai unguwa sanin mutanen unguwa.

Abin da ba mu sani ba a lokacin ya fi wanda muka sani yawa. Kwamfutocin kafe duka a haɗe suke da igiya zuwa uwar garke guda da ke teburin mai shago, daga nan saƙo ya hau faranti. A shekarun nan wasiƙar imel tsirara take bin wannan hanya, kamar katin gaisuwa marar ambulan. Gmail bai mayar da kulle hanya ya zama ka'ida ga kowa ba sai a 2010, Facebook a 2013, Yahoo kuwa sai farkon 2014. Wanda ya san kan abin, yana zaune a kan uwar garke, zai iya ganin abin da ke wucewa. Akwai kuma 'yar manhajar da ake dasawa a ɓoye, tana naɗe duk harafin da ka taɓa. Mafi sauƙi daga ciki ba ya bukatar ilmi ko kaɗan: lokacinka ya ƙare, allo ya rufe, ka tashi ba ka fita daga akwatinka ba, na bayanka ya zauna ya tarar da shi a buɗe. Duk da haka tsoron da muke yi a lokacin na bairos ne, kada ya cinye mana aikin kammala karatu a fulofi ko filash. Ba wanda ya damu da mai leƙe.

Ita kanta Yahoo ɗin da muka ba amana, a 2016 ta fito ta ce an yi mata kutse tun 2013, a 2017 kuma ta amsa cewa akwatuna biliyan 3 abin ya shafa, wato duka. Duk wanda yaron kafe ya buɗe wa akwati a Samaru, in dai akwatin na nan a lokacin, yana ciki.

Hukuma ta fara leƙo kafe ne saboda 'yan damfara. An kafa EFCC a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribaɗu, dokar damfara ta 2006 kuma ta wajabta wa masu kafe yin rajista da hukumar da adana bayanan masu shiga. Sai aka fara liƙa takardar gargaɗi a bango. Wani abin dariya, lambar 419 da kowa ke kira sashe ne na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a Kudu. Mu a Arewa namu kundin daban ne, amma sunan ya bi mu har gida.

Ranar da mutanenmu suka fara jin tsoron waya da gaske, a ganina, a 2007 ne, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya fita. Ba zan kama suna ba, an kama ya isa. Ba intanet ce ta yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya riƙa tsalle ta Bluetooth, daga Kano har ya iso ɗakunan kwanan ɗalibai a nan. Abin da ya biyo baya marubuta ba za su manta ba: Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ƙarƙashin Abubakar Rabo ta dakatar da shirya fim na watanni, zuwa 2008 kuma rigimar ta iso kan marubuta da aka ce su ma sai sun yi rajista. Daga lokacin ne na fara ganin mata suna zare memori kafin su miƙa waya ga mai gyara a PZ, ko ga masu tura waƙoƙi da fina-finai. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai wayoyin yanzu a cikinsu suke ajiye komai, kuma tambayar farko da mai gyara zai yi maka ita ce lambar buɗe allo.

Shi kuma mai cewa gwamnati na ji, bai yi ƙarya duka ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, har tangaraho ya ambata. Amma a 2011 aka fara rajistar layi da hoto da zanen yatsa, a 2015 aka ci MTN tarar sama da naira tiriliyan ɗaya kan layuka fiye da miliyan 5 da ba ta yanke ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido a intanet, a shekarar da Edward Snowden ya tona irin wanda Amurka ke yi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ce kamfanonin sadarwa su adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na shekara biyu, a 2019 kuma hukumar NCC ta fitar da ƙa'idojin da jami'an tsaro za su bi su saurari waya. Ba wai akwai mai zama yana jin hirarka da Hajiya ba, ma'aikatan ba za su isa ba. Abin da ake tarawa shi ne bayan ambulan: wa ka kira, yaushe, minti nawa, kana kusa da wane turken sabis. Sau da yawa wannan ya fi abin da ke cikin wasiƙar tona asiri.

A Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, aka yi ta layi a rana ana cewa don tsaro ne. Mutanen Zariya suna da dalilin yin tambaya a nan. A Nuwambar 2020 an sace ɗaliban jami'ar nan a hanyar Kaduna zuwa Abuja, a Yunin 2021 aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli aka kwashi malamai da ɗalibai, kuma da waya ake cinikin kuɗin fansa. A ƙarshen Satumbar 2021 sai da aka rufe sabis ɗungurungum a wasu sassan jihar Kaduna na kusan wata biyu. Shi ya sa in ka ji ɗan acaɓa na cewa an karɓi zanen yatsunsa goma amma an kasa gano mai kiran iyalan wanda aka sace, kada ka yi saurin ce masa jahili. Ni ma ban ga an ba shi gamsasshiyar amsa ba.

Yanzu mu koma kan zaurance. Matsalar da ta dame shi tun zamanin Al-Kindi ita ce dole ku biyu ku fara haɗuwa ku yarda da doka, kuma duk wanda ya ji dokar ya gama da ku. A 1976 wasu masana biyu a Amurka, Diffie da Hellman, suka fito da mafita, a 1977 wasu uku suka fitar da tsarin da ake kira RSA. Misalinsa shi ne ka sayi kwaɗo dubu iri ɗaya, ka raba wa jama'a a buɗe, mabuɗin kuwa guda ne kuma yana aljihunka. Mai son aiko maka da saƙo ya sa a akwati ya datse kwaɗonka, daga nan shi kansa ba zai iya buɗewa ba, balle direban motar da ya ɗauko. A watan Afrilun 2016 WhatsApp ta sa irin wannan kulle a kan duk saƙonnin masu amfani da ita. A karon farko tun zamanin fatake, ɗan aike ya zama makaho. Ɗan jami'ar nan na teburin mai shayi ya yi gaskiya a nan. Sai dai a sani, saƙon tes na yau da kullum ba ya cikin wannan, haka ma zaurukan Telegram.

To amma da ɗan gari akan ci gari. Da ɓarayi suka ga kwaɗon ba ya fasuwa, sai suka koma roƙon mabuɗi, mu kuma mun saba bayarwa tun zamanin kafe. Wani zai kira ka da sallama da ladabi, ya ce kuna zaure ɗaya na tsofaffin ɗalibai, za a yi taro da yamma, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka. Kana karantawa ya ɗauke WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wajen 'yan'uwanka. Wani ya ce daga banki ne, BVN ɗinka ta sami matsala. Maganin na farkon yana cikin manhajar kanta, wato ƙarin lambar sirri ta biyu da mutum zai sa da hannunsa, minti biyu ba ta ci ba, amma kaɗan ne suka sa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuwa, na tsaya a layin wani mai POS a kasuwar Sabon Gari, na ƙirga mutum huɗu a jere, dattawa biyu da mata biyu, da suka miƙa kati suka faɗi lambar sirrinsu da baki don yaron ya danna masu. Ba wauta ba ce, wasunsu ba sa ganin lambobin, wasu ba su iya karatu ba, kuma yaron ɗan unguwa ne, sun san ubansa. A watan Yunin wannan shekarar aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, amma dokar kamfanoni da ofisoshi ta fi kallo, ba ta san da wannan benci ba.

Mai cewa shi talaka ne ba shi da abin ɓoyewa, a tambayi waɗanda suka ci bashin manhajojin ba da rance. Naira dubu goma ce, amma da ka danna "na yarda" ka ba su duk lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara sai surukinka da limamin unguwarku su sami saƙo cewa kai ɓarawo ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022.

Misalin da ya fi kusa da mu a wannan fage shi ne na marubutanmu mata da suka koma sayar da littafi a WhatsApp bayan kasuwar bugawa ta mutu. Marubuciya za ta buɗe zaure na kuɗi, ki tura kuɗin ta banki, ki aika shaidar biya, a saka ki. Kowane shafi da ta turo a kulle yake tafiya tun daga wayarta har wayoyin mutum ɗari biyun da suka biya, ba kamfanin waya ba, ba gwamnati ba, ba wanda ya isa ya leƙa a hanya. Kafin gari ya waye shafin yana yawo kyauta a zauruka goma, domin ɗaya daga cikin ɗari biyun ta tura wa ƙawarta. Shi ya sa za ka ga a saman kowane babi, kafin a shiga labari, an rubuta gargaɗi da jan Allah ya isa ga duk wadda ta fitar. Wasu marubutan sun koma raba masu biya gida-gida, suna sauya kalma ɗaya ko biyu a kwafin kowane zaure, don in ya fita su gane ta ƙofar da ya bi.